Kura da Shan Bugu: Yadda Ayarin 'Yan Wasa Ke Haɗuwa, Daga Kasuwannin Tofa Zuwa Rumfunan Amurka

Duk wanda Allah ya nufa ya yi ƙuruciyarsa a karkarar Tofa, yamma da birnin Kano, inda gona ke manne da gona tun daga Janguza har Lambu da Doka da Wangara, ba a bar ko taku guda ya zama saura ba, ya san cewa dawa ta daɗe da ƙaurace wa wannan ƙasa, har ya zamana yaro yakan girma ya yi aure bai taɓa jin kukan kura ba sai a bakin kakarsa cikin tatsuniya. Tun a shekarun 1960 wani Bature masanin labarin ƙasa, Michael Mortimore, ya bi wannan yanki da ya kewaye Kano yana auna gonaki, yana ƙidaya jakunan da ke shiga birni da itace su fito da taki, ya kuma lissafa shi cikin wuraren da manoma suka fi cunkoso a wannan ɓangare na Afirka. Itatuwan da ke tsaye, ɗorawa ce ko kuka ko gawo, kowanne da mai shi. Saboda haka in kura ta shigo ƙasar Tofa, da sarƙa a wuya take shigowa, da takunkumi a baki, mutum na gaba mutum na baya, kalangu na yi mata rakiya.

A da, lokacin zuwansu sananne ne. In gero da dawa sun shiga rumbu, an kai gyaɗa ma'auna, hunturu ya fara sauka, kuɗi kuma ya ɗan sami wurin zama a aljihun manomi kafin haraji da bukukuwan aure su kore shi, sa'an nan ne 'yan wasa ke ɓarkowa kamar an buɗe musu ƙofa: gardawa masu kura da masu macizai, 'yan tauri da wuƙaƙensu, 'yan hoto masu cilla garma sama su tare ta da jiki, 'yan dabo masu rufa ido, da 'yan kama waɗanda ke naɗa rawanin tsumma su zauna suna kwaikwayon malamai, alhali karatun nasu duk tuwo ne da miya. Cunkoson da ya kori dawa shi ne kuma ya jawo su, gama kasuwannin suna kusa da juna, kowace da ranar cinta, har ayari yakan ci wannan yau, ya kwana a zauren mai unguwa, gobe da hantsi ya shimfiɗa a waccan. Na sha yin mamakin yadda kalma guda, watau gardi, ta ɗauki almajirin da ya wuce titibiri yana fafutukar haddar Alƙur'ani, ta kuma ɗauki mai jan kura. Amma in aka lura, dukansu ƙarfafan samari ne da ke barin gida da rani, suna kwana inda dare ya yi musu.

Ban fi shekara goma sha ɗaya ba ranar da kawuna ya tafi da ni wata kasuwa ta yankinmu domin in tsare masa jaki, zamanin ana ciniki da sule da sisi, kafin a sauya kuɗi zuwa naira a 1973. Da sassafe waɗansu mutum uku suka iso da kura da makaɗinsu, suka kama inuwar wata tsamiya daura da 'yan awaki, nan take awakin suka ruɗe, suka yi ta fizgar turke suna kuka. Rana ba ta yi nisa ba sai ga wani dattijo da akwatuna biyu na macizai, da gwaggon biri sanye da 'yar shara, da wani saurayi siriri wanda ba ya riƙe da komai sai bakinsa. Kowane ɓangare ya sa aka ɗaga kiɗa, jama'a kuwa suka zama kamar ruwa a faranti, in an karkata nan su kwarara nan, in an karkata can su koma can. Masu kura sun fi tara mutane, illa dai ba su da mai magana, domin da zarar sun kwance jakar magani sai taron ya watse, kowa ya tuna da cinikin da ya baro. Dattijo kuwa saurayinsa ya iya zance ƙwarai, yana cikin bayanin maganin sarar kububuwa, mutane sun fara laluben aljihu, sai kura ta yi gurnani daga can, kafin ka ce kwabo ba kowa a gabansa sai yara da biri.

Kafin azahar an kai ga cacar baki, an fara ɗaga gora, aka tafi da su gaban sarkin kasuwa, mu kuma yara muka bi su a baya, na mance da jaki ɗungum.

"Ranka ya daɗe," in ji babban masu kura, "mu muka riga su shimfiɗa, kowa shaida ne."

Dattijo ya durƙusa ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, wannan tsamiya ubana ma a gindinta ya yi wasa, tun wannan yaro ba a haifi uwarsa ba."

Sarkin kasuwa ya daɗe yana tauna goro, sa'an nan ya ce, "To, Baba, kai ke da tsamiya, shi ke da kura. Tsamiya ba ta gurnani, kura ba ta inuwa. Ku je ku yi salla, in kun dawo ku gaya mini wanda ya yarda ya kwana da yunwa."

Da aka sauko daga salla sai muka ga da'ira ta zama ɗaya, makaɗa biyu suna amsa wa juna, dattijo kuma shi ke tsara abin da zai gabaci wani. Biri aka fara sakewa, ya yi gaisuwar fada, ya kwaikwayi tafiyar amarya, domin mata da yara su matso su saki jiki. Aka bi da macizai, dattijo ya rataya mesa a wuya, ya zaro gamsheƙa ta fasa kai tana huci. Daga nan, kafin a taɓa sarƙar kura, sai aka tsayar da kiɗa cak, saurayin nan ya shiga tsakiya ya buɗe baki, ya lissafa maganin harbin kunama, da na sara, da na firgitar yara, da layar tsari, yana rantsuwa yana ba da labaran waɗanda suka raina magani suka yi nadama. Ba kuwa wanda ya motsa, domin kowa ya san abin da ya zo gani yana nan kwance a bayansa bai tashi ba tukuna. Sai da aka sayar da abin da za a sayar kana aka tashe ta. Na ga mata suna miƙa sisi ana ɗora 'ya'yansu a gadon bayanta, wai don su daina razana da dare, yaran na tsala ihu, uwayen na dariya da hawaye tare. A wannan yammacin na fahimci abin da na daɗe ban iya sa masa suna ba, watau cewa wasan talla ne kurum, magani shi ne haja, kuma wanda ya san inda za a tsayar da kiɗa ya fi wanda ya riƙe sarƙa sanin sana'ar.

Rabon kuɗin a bayan rumfar mahauta aka yi shi, gab da magariba, a kan buzun dattijo. Aka fara fitar da na kura, aka ba mahauci ya kawo kai da ƙafa da ƙasusuwa. Aka fitar da goron sarkin kasuwa. Aka sallami makaɗa. Abin da ya rage na kallo aka kasa shi biyu daidai. Hausawa na cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, gaskiya ne kuwa, na ga bugun da idona, amma na kuma ga ita aka fara ciyarwa kafin kowa ya sa loma a baki, ba don tausayi ba, sai don kowa a wurin ya san abin da yunwarta ke haifarwa. Kuɗin magani ne ya kawo gardama, gama garin na dattijo ne, bakin na yaronsa ne, amma taron na kura ne. Ban ji yadda suka ƙare ba, domin a daidai nan kawuna ya damƙo kunnena, jakinsa ya shiga gonar rogon wani. Sai dai bayan kwana uku an gan su tare a wata kasuwa ta wajen Rimin Gado, haka kuma suka ƙare ranin nan ayari guda.

Da na yi ɗan nisa a karatu, muka iso babin ciniki a Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, sai na tarar fuƙaha'u sun riga sun san wannan irin haɗin guiwa, suna kiransa sharikatul abdani, watau tarayyar da jarinta jikin mutane ne da aikinsu, ba dukiya ba; Malikawa sun halatta ta bisa sharaɗin a yi aiki iri ɗaya a wuri ɗaya. Na ba malaminmu labarin tsamiya da kura, na ce, "Allah ya gafarta Malam, ashe gardawan nan a kan Risala suke?" Ya yi murmushi ya ce surar ƙullin ba laifi, amma hajar da ake sayarwa akwai garari a cikinta, domin mai saye bai san abin da ke ƙunshe a layar ba, mai sayarwa ma sau da yawa bai sani ba. Abin lura a wannan tarayya shi ne sauƙin kwancewarta. Ba takarda, ba hatimi, goro ne da fatiha. Ranar da rabo ya ɓata wa wani rai, sai ya ja kurarsa ya yi gabas, ɗaya ya ɗauki akwatinsa ya yi yamma, ba wanda ya tafi da abin wani, domin kowa jarinsa yana jikinsa ko a ƙarshen sarƙarsa.

Turawa ma suna da nasu wasan, sunan da suke kiransa da shi kuwa, watau circus, asalinsa daga kalmar Latin ce mai ma'anar da'ira. Wani tsohon sojan doki na Ingila, Philip Astley, shi ya fara shi a Landan a 1768, yana sukuwa tsaye a kan doki cikin kewayayyen fili, daga baya ya ƙara da masu tsalle-tsalle, da masu tafiya a kan igiya, da wawaye masu ban dariya. Bambancin da ya raba tafarkinsu da namu tun daga tushe ƙofa ce. Da'irarmu jikin 'yan kallo ne katangarta, kowa ya zo ya tsaya, ya ga dama ya jefa kwabo. Tasu kuwa an kewaye ta, daga baya aka rufe ta da babbar rumfar tamfol, ba mai gani sai ya biya a bakin ƙofa. Da aka sami ƙofa aka sami lissafi, da aka sami lissafi aka sami mai jari wanda ba ya hawa igiya ba ya shiga kejin zaki, amma shi ke da suna, da rumfa, da dabbobi, da takardun ijarar 'yan wasa. Irin wannan abu kuwa yana sayuwa ɗungurungum, kamar yadda ake sayar da gona da itatuwanta.

A Amurka abin ya ƙasaita. P. T. Barnum, wanda ya shiga sana'ar a 1871, ya sami abokin hamayya mai suna James Bailey, wanda giwarsa ta haihu a 1880, abin da ba a saba gani ba a ƙasar. Barnum ya aika yana tayin jaririyar da kuɗi mai yawa, Bailey ya ƙi sayarwa, bai tsaya nan ba ya buga tayin a takardun tallarsa domin duniya ta san cewa Barnum da kansa yana kwaɗayin abin da ke rumfarsa. A 1881 suka haɗe. Duk lokacin da na karanta wannan labari sai in tuna da dattijo da tsamiyarsa, ɗaya na da baki, ɗaya na da dabba. Barnum ya mutu a 1891, Bailey a 1906, shekara guda bayan haka waɗansu 'yan'uwa daga garin Baraboo na jihar Wisconsin, 'ya'yan gidan Ringling, waɗanda su biyar suka fara nasu ƙaramin ayarin a 1884, suka saye kamfanin a kan kimanin dala 400,000. Shekara goma sha biyu suna tafiyar da ayarin biyu dabam dabam, kowanne da jirgin ƙasansa da hanyarsa, sai a 1919, bayan yaƙin duniya na farko ya janye ma'aikata, ya tsananta sha'anin jiragen ƙasa, mutuwa kuma ta rage 'yan'uwan, suka narkar da su wuri guda a dandalin Madison Square Garden na Niyok. Mai karatu zai lura cewa ƙunci ne ya kawo haɗuwar, kamar dai yadda yunwar azahar ta kawo ta a kasuwarmu. Inda aka yi haɗuwa don haɗama kuwa, ƙarshenta bai yi kyau ba: a 1929 John Ringling ya ci bashi ya saye American Circus Corporation, mai ayari biyar, a kan dala miliyan 1.7, bayan 'yan makonni kasuwar hannun jari ta rushe, a 1932 aka ƙwace ragamar daga hannunsa, ya mutu a 1936 kusan ba shi da abin taɓawa.

Akwai ciniki ɗaya a tarihin kamfanin Ringling da ya fi sauran bayyana abin da ake saye in an ce an sayi ayari. Bayan an naɗe babbar rumfa a karo na ƙarshe a Pittsburgh a 1956 aka koma wasa cikin gine-gine, Irvin Feld da abokan tarayyarsa suka saye kamfanin a 1967. Feld ya ga wani Bajamushe mai horar da damisa da giwaye, Gunther Gebel-Williams, ya so ya ɗauke shi, amma mutumin yana ɗaure da ayarin gidan da ya rene shi tun yana yaro, Circus Williams. Saboda haka a 1968 ya biya kimanin dala miliyan 2 ya kwashi ayarin gaba ɗaya domin ya sami mutum guda. A wannan shekarar kuma, da ya duba ya ga wawayen kamfanin 'yan kaɗan ne kuma duk sun tsufa, sai ya buɗe musu makaranta a Florida, abin da a da ake gada a gida ya koma abin da ake neman gurbin karatunsa.

A ƙasar Hausa zaɓen ɗan wasa tun daga zanen goyo yake farawa. Wani mai bincike, M. G. Smith, wanda ya zauna a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, ya rubuta yadda Hausawa ke bambanta sana'ar karda, wadda aka gada, da ta shigege, wadda mutum ya shiga da ƙafarsa. A wajen gardawa kuwa wannan bambanci ba na martaba kaɗai ba ne, domin sun yi imani ɗan gado ya sha ya yi wanka tun yana jariri, jininsa ya riga ya saba da dafi. Duk da haka ba ayarin da 'yan gado kaɗai ke cika shi. Kusan kowace kasuwa akwai yaron da zai biyo su bayan an tashi, maraya ne ko almajirin da ya gudo ko wanda ya gaji da fartanya, ya tsaya nesa kaɗan yana kallon yadda ake ɗaure akwati. Ba a korarsa, ba a kuma yi masa maraba. A ce ya ɗauki kaya. In ya kwana uku bai gudu ba a aike shi mahauta neman ƙashi. In ya dawo da canji cikakke a ba shi sarƙar biri, wanda shi ne alƙalin farko, gama gwaggon biri ya san mai tsoronsa, kuma ba ya rufa masa asiri. Shekaru ake yi kafin a kai ga riƙe sarƙar kura, wasu shekarun kuma kafin a yarda mutum ya sa hannu a takunkumi.

Wani tsohon gardi da na daɗe da sani, wanda zan dawo kansa, ya ce mini abin da maigida ke dubawa a yaro ba jarunta ba ce. "Malam," in ji shi, "mai tsoro ya fi mini mai ganganci sau dubu. Mai tsoro zai duba sarƙa sau biyu. Mai ganganci shi ke sa a kore mu daga gari." Ya ce kuma akwai yaron da ba shi da aibu ko kaɗan, ga haƙuri ga amana, amma in ya matso sai kura ta ta da gashin wuya, a yi wata guda ba ta sauya ba, irin wannan sai a mai da shi wajen macizai ko a sallame shi da alheri, domin a sha'anin ɗaukar ma'aikata ita ma tana da ƙuri'a, tata kuwa ba a ɗaukaka ƙara a kanta.

Makaɗi ba a renonsa a ayari, daga gidan kiɗa ake ɗauko shi na rani guda, da rabonsa sananne. Mai baki shi ne abin fizge. Sau da yawa ba ɗan gado ba ne, tsohon sanƙira ne ko almajirin da ya tsinci Larabci gwargwadon abin da zai ƙawata rantsuwa, ba ya kuma buƙatar sarƙa ko akwati in zai tafi, saboda haka shi ake zawarci a asirce, a sayo masa riga, a ƙara masa kaso. In maigida ya ga yaron da ba ya son rasawa, babbar dabararsa ita ce ya ba shi 'ya, da yawan haɗuwar da ta ɗore tsakanin ayari biyu kuwa ta wannan hanya ta ɗore, goron kasuwa ya zama goron ɗaurin aure. Dabara ta biyu ita ce rowar asiri. Ba a ba da laƙani duka. A ba ka saiwa uku a riƙe ta huɗu, kana sane ana riƙe da ita, kai ma kana jira, wani lokaci har mai ita ya mutu da abarsa.

Mutanen waje sun san waɗannan gardawa ne ta hanyar wani mai ɗaukar hoto na Afirka ta Kudu, Pieter Hugo, wanda ya ga hotonsu da aka ɗauka da wayar hannu, jaridu kuma na cewa wai 'yan fashi ne ko masu karɓar bashi da tsiya. Ya zo Nijeriya a 2005, wani ɗan jarida, Adetokunbo Abiola, ya haɗa shi da su a bayan garin Abuja, ya tarar da ayarin 'yan'uwa ne Hausawa, da kura uku, da birai huɗu, da mesa, da wata ƙaramar yarinya, suna wasa suna sayar da magani. Ya sake dawowa a 2007, ya fitar da littafin hotunansu, ɗaya daga cikin hotunan kuma ya zo na ɗaya a wani rukuni na babbar gasar hotunan jarida ta duniya a 2006. Hotunan suna da kyau, amma duk wanda ya taɓa tsayawa a da'irar zai ga abin da babu: ba taro, ba makaɗi, ba mai baki, mutum ne da dabba tsaye shiru a ƙarƙashin gada, alhali kuwa wannan sana'a rabinta surutu ne.

Manyan kamfanonin duniya yanzu sun juya wa dabba baya. Kamfanin Ringling ya sallami giwayensa a 2016 bayan doguwar jayayya da masu kare haƙƙin dabbobi, ciniki ya faɗi, ya rufe a watan Mayu na 2017 bayan shekara 146. Da ya dawo a 2023 ba ko dabba ɗaya, 'yan wasan kuwa an tsince su ne ta hanyar gwaji a ƙasashe dabam dabam, har da Habasha da Mongoliya. Cirque du Soleil na Kanada, wanda wasu masu wasan titi, masu tafiya a kan dogayen sanduna da masu hura wuta, suka kafa a lardin Kebek a 1984 ƙarƙashin Guy Laliberté, yana da ofishi sukutum a Montreal wanda aikinsa kallon bidiyon masu neman shiga da bin gasannin motsa jiki domin farautar waɗanda suka gama yayinsu a can. A 2015 masu zuba jari suka saye mafi yawansa, a 2017 ya haɗiye wani kamfanin wasa mai suna Blue Man Group, ya ci gaba da saye da bashi, har annobar korona ta 2020 ta rufe wasanninsa 44 a lokaci guda, ya sallami kusan dukan ma'aikatansa, masu binsa bashi suka karɓe shi. Ɗan wasan da aka sallama a ranar ya fita da jikinsa kaɗai, domin rigar da yake sawa, da fentin fuskarsa, da sunan wasan da ya shekara goma yana yi, duk mallakar kamfani ne. Gardi ko ba komai yakan fita da kurarsa.

Ba zan ɓoye ra'ayina a kan sarƙar ba. Na ga yadda takunkumi ke cin hancin dabba har ya yi gyambo, na ga maciji da aka fasa wa haƙori yana lanƙwashe a akwati kamar tsumma, addinin da ya gaya mana cewa mace ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ta ciyar ba, ba zai rasa abin faɗa a kan wannan ba. In kura ta daina zuwa kasuwa ba zan yi mata kuka ba. Abin da nake jin ciwonsa shi ne da'irar da bakin. Masu ban dariya sun koma fim, marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, ya nuna cewa jinin 'yan kama yana iya rayuwa a faifai; dambe ya sami ƙofa da tikiti a birni, da ɓangarorinsa na Kudu da Arewa da Guramaɗa; mai maganin gargajiya kuwa ya gano cewa lasifika a bayan mota ba ta neman kaso, ba a kuma yi mata zawarci, sai ya naɗi murya sau ɗaya ta wuni tana maimaitawa.

Tsohon gardin nan da na ambata, a kasuwar Janguza na same shi da hunturun bara, zaune a kan buhu, ƙullin magunguna jere a gabansa, ƙaramar lasifika na ta zuba a gefensa da muryar wani wanda shi ma bai san shi ba. Kurarsa ta ƙarshe ta mutu da daɗewa, 'ya'yansa ɗaya na acaɓa ɗaya na dako a Dawanau. Muna cikin hira ya naɗe hannun riga ya nuna mini tabo daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu, ya ce ranar laifinsa ne, ya zo mata ta bayan kunne ba tare da ya yi magana ba. Wani yaro mai tallar rake, wanda ya daɗe tsaye yana saurare, ya matso ya ce, "Baba, wai da gaske ne dariya take yi?"

Tsohon ya dube shi, ya miƙa hannu ya kashe lasifikar. Ya sunkuyar da kai kusa da ƙasa, ya haɗa tafin hannuwansa a baki, ya ja wani kuka tun daga cikinsa, ya fara can ƙasa ya hau sama a hankali ya tsinke, ya bi shi da ƙyaƙyatawa. Yaron ya yi baya har rakensa ya zube. Can ɓangaren 'yan awaki kuwa, awakin da ba wadda uwarta ko kakarta ta taɓa ganin kura, suka miƙe gaba ɗaya suna fizgar turke, dillalai na zagi suna waige-waige suna neman inda abin ya fito.